Bulon Ukasha a Zauren Baffa Manga

BABI NA SHIDA

Ukasha yana tsugune a filinsa na bakin kogin Nukkai, yana yayyafa wa sababbin bulo ruwa da gwangwani, sai ya ɗaga kai ya hango mutum biyu tsaye a kan Andrawus. Namiji da mace, kowa riƙe da biro da takarda.

Gabansa ya faɗi tun bai ji abin da ya kawo su ba.

Andrawus dattijo ne, tare suke buga bulo. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa. Ukasha ya jiyo shi yana cewa, "Katanga na Abbare wanda ya faɗi? E, bulo namu ne. Tifa ya zo ya kwashe..."

Ukasha ya ajiye gwangwanin ya taso a hankali.

To, sai an san halin da yake ciki za a gane faɗuwar gabansa. Tun da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, kowa gini yake yi, kowa kuma sauri yake yi. Shi Ukasha karatunsa bai wuce firamare ba, bulo ya riƙe, kuma Allah ya rufa masa asiri da shi. Ya daɗe yana neman Fadila, 'yar Baffa Manga na Majidaɗi. Duk zuwan da iyayensa suka yi amsa ɗaya ce, wai yarinya tana karatu, Turanci ya kayar da ita a jarrabawa ya hana ta shiga makarantar koyon jinya, a bari ta sake zama.

Baffa bai yarda ta riƙa yawon lesin a gari ba, sai ya ba da zaurensa, aka ɗauko Malam Sada, malamin Turanci mai Vespa da farar shadda, yana koya mata tare da wasu 'yan unguwa bayan la'asar. Ba a daɗe ba shi ma Malam Sada ya turo manyansa. Goggo Fanta, ƙanwar Baffa, ba ta ɓoye inda ta tsaya ba: "Mai alli da mai siminti, ai ko makaho ya shafa ya san wanda zai zaɓa."

Baffa ya ce duka ɓangarorin su dawo ranar Juma'a a ba su amsa. Kowa ya san ma'anar wannan. Ana bincike ke nan. Kuma a cikin wannan satin ne wata sabuwar katanga ta faɗi a Abbare da ruwan sama, ta danne awakin maƙwabta.

"Sannunku," in ji Ukasha. "Wa ya aiko ku?"

"Sannu, oga," in ji saurayin yana fara'a. "Ni Peter, wannan Sa'adatu. Mu 'yan lesin na Malam Sada ne. Atikul za mu rubuta, kan abin da ya sa katanga yake faɗi da damina."

"Malam Sada."

"E, shi."

Ukasha ba mutum ne mai ɗaga murya ba, yau ma bai ɗaga ba. Ya dai zura hannu a aljihun wandon aiki.

"Katangu nawa ne a garin nan? Sai ta Abbare? Kuma sai a wannan satin?"

"Wallahi aikin aji ne kawai," in ji Sa'adatu. "Tambaya ce 'yar kaɗan."

"Ku yi haƙuri. Ba ni da abin cewa. Ga hanya nan."

Peter ya sosa kai da biro. "To za mu rubuta ka ƙi magana fa. Haka Malam ya koya mana."

"Ku rubuta."

Da suka tafi, Andrawus ya dogara da shebur yana girgiza kai. "Ukasha, ka kori mai biro? Da ka ba su ruwan sanyi ka yi musu ƙarya ma ya fi."

"Kai kuma Baba Andrawus, da ka rufe bakinka ya fi komai."

"Ni an tambaye ni. Kai ma an tambaye ka."

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Ana la'asar ya yi wanka, ya hau kekensa ya nufi Majidaɗi. Bai je ƙofar gidan ba. Ya jingine keken a bayan shagon mai niƙa, ya lallaɓa ya tsaya jikin bishiyar mangwaron da ke kusa da tagar zauren, inda yake gani ba a ganinsa.

Baffa Manga yana bakin ƙofa a kujerarsa, carbi a hannu, ido a lumshe. Kullum nan yake zama in ana lesin. Ba ya jin Turanci, kuma ya ce ba sauraro yake yi ba, iska yake sha.

A ciki, ɗalibai na zaune kan tabarmi, Fadila a can gefe da mayafinta ruwan toka. Malam Sada na tsaye gaban ɗan allon da aka jingine da bango, muryarsa mai laushi kamar ta gidan rediyo.

"Na gaya muku, kafin ku rubuta da Turanci ku faɗa da Hausa. Wanda bai san abin da zai ce da harshen da yake ciniki da shi ba, Turanci ba zai ara masa ba. To, mu koma. Mene ne bambancin wasiƙa da maƙala, wadda kuke ce wa atikul? Fadila?"

Ukasha ya ji yadda ya ja sunan, ya cije leɓe.

"Wasiƙa mutum ɗaya ake yi wa magana," in ji ta a hankali. "Maƙala gari gaba ɗaya ake yi wa."

"Madalla! Don haka ba gaisuwa, ba 'ina fata kana lafiya'. Take ne a sama, gajere, mai jan ido. Sakin layi na farko shi ne ƙugiya, in bai kama mai karatu ba ya wuce. Sannan kowane sakin layi magana ɗaya zai ɗauka, kada ku cusa masa kaya kamar motar garin Mutum Biyu ranar kasuwa."

Aka yi dariya. Har Fadila ta rufe baki da mayafi. Dariyar nan ta fi komai yi wa Ukasha ciwo.

"Sai dokoki biyu da ba na wasa da su. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka sa sunanka a ƙasansa. Kuma duk wanda magana ta shafa, a je a ji ta bakinsa. Peter, kun je Nukkai?"

"Mun je, Malam. Tsohon ya ce bulo nasu ne. Mai wurin kuma ya kore mu."

"Ya kore ku?" Malam Sada ya yi shiru, irin shirun da ake yi don magana ta isa bakin ƙofa. "Ikon Allah. To ba laifi. Sai ku rubuta: mun nemi jin ta bakinsa, ya ƙi magana. Mai karatu ba yaro ba ne, zai yi nasa lissafin."

Ukasha ya kalli hannun Baffa Manga. Carbin ya tsaya cak.

Ana tashi ya koma wajen kekensa, sai ya tarar da Fadila tsaye a gefensa, da kwanon niƙa a hannu don kada a ce ta fito ba dalili. Idanunta sun yi ja.

"Hamma, keken nan ko cikin dubu na san shi. Me ka yi yau?"

"Ni za ki tambaya? Malaminki ya turo mini 'yan leƙen asiri."

"Ni na turo su."

Ya kalle ta kamar bai ji ba.

"Ni ce. Malam kan tsadar taki ya so mu rubuta. Ni na ɗaga hannu na ce mu yi kan bulo."

"Ke? Fadila, da hannunki?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Kai ba ka san gidanmu ba ne har yau? Tun da na yi wayo ban taɓa kallon idon Baffa na ce ga abin da nake so ba. Sunanka ma ba zan iya furtawa a gabansa ba, kunya za ta kashe ni. Goggo kuwa safe da yamma tana kunnensa, Malam kaza, Malam kaza. Ni da wane baki zan yi magana?"

"To ina ruwan bulo da wannan?"

"Ba ka ji ba? Maƙala ba mutum ɗaya take yi wa magana ba. In na tashi a aji na karanta, ba da Baffa nake ba, da gari nake. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Amma yana nan bakin ƙofa, kuma duk abin da ake faɗa yana ji, kada lumshe idon nan ya ruɗe ka. Na so ya ji aikinka daga bakin wasu. Sai ka kore su. Yanzu abin da ya ji ke nan, wai ka ƙi magana."

Ukasha ya sunkuyar da kai, yana murza robar hannun keken. Can ya ɗago.

"Da kika ce a yi kan bulo, ya yi gardama?"

Ta kawar da kai gefe.

"Fadila."

"Bai yi ba. Nan take ya yarda."

"Wa ya kawo maganar katangar Abbare?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Shi ne."

"Wa ya ce Peter ya zo, ba ke da kanki ba?"

"Shi ne. Amma Hamma..."

"Kin gani? Ke kin haƙa rijiya, shi ya zo ya tsaya a bakinta yana jiran in leƙa."

"To ko da haka ne! Ko da haka ne, sai ka faɗa ciki don ka nuna ka gane shi? Ka zo gobe. Ka zauna a aji su tambaye ka. Dokarsa ce, ba zai iya hana ka ba."

"In zauna gaban mutumin da ke neman matata, yana yi mini tambayoyi kamar an kama ɓarawon akuya?"

"Ba matarka ba ce tukuna. In kuma ba ka zo ba, ranar Juma'a za ka ji ko matar wa ce."

Ta juya da kwanonta. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Akwai abin da kake ɓoyewa ne game da katangar nan?"

Tambayar ta shige shi har ƙashi. Ashe zargin ba a wajensa kaɗai yake ba.

"Sai goben," ya ce.

Washegari bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar zauren, da wankakkiyar rigarsa ta Juma'a, siminti kuwa yana nan a ƙarƙashin faratansa, ya ƙi fita. Ya durƙusa ya gai da Baffa.

"Jam," Baffa ya amsa gaisuwar da Fulatanci, bai buɗe ido ba. "Ba wajena ka zo ba, ko? Shiga."

Malam Sada ya yi murmushi har da miƙa hannu. "A'a, Malam Ukasha! Ka kyauta. Yara, ga wanda magana ta shafa ya kawo kansa. Ku ba shi wuri."

Aka ba shi tabarma shi kaɗai a gaba. Daga ƙofar da ke shiga cikin gida ya ji motsin awarwaro, ya gane Goggo Fanta na laɓe a bayan labule.

Peter ya fara, da yadda ake kwaɓa siminti da yashi. Sa'adatu ta tambayi dalilin ba bulo ruwa. Ukasha ya amsa a hankali, yana kallon tabarma. Ya ce bulo kamar jariri yake, in an buga shi sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, a bar shi ya yi ƙwari a inda yake, in aka ɗaga shi da wuri a ido lafiyarsa lau, amma cikinsa gari ne.

"To, na katangar Abbare," in ji Malam Sada, yana juya alli a yatsunsa, "sun yi ƙwari?"

"Ba su yi ba."

"Ka sani a lokacin?"

"Na sani. Mai gidan ya zo da tifa, na ce masa ɗanye ne. Ya ce ma'aikatan da za su kama haya suna jiransa, in ban ba shi ba zai tafi wani wuri, kuma..."

"Malam Ukasha, maƙala ba ta son zagaye. Ka sayar ko ba ka sayar ba?"

Ukasha ya tuna maganar Andrawus ta ruwan sanyi da ƙarya. Ya saci kallon Fadila, ya ga ta ƙura wa takardarta ido.

"Na sayar."

"Kun ji ko!" in ji murya daga bayan labule. "Da bakinsa!"

"Fanta," in ji Baffa, ba tare da ya juya ba. Awarwaron ya yi shiru.

Malam Sada ya juya ga allo. "To, kun sami takenku, kun sami ƙugiyarku. Saura kammalawa, inda marubuci yake faɗin nasa ra'ayin. Wa zai..."

"Malam, ni ban yi tambayata ba."

Fadila ce. Ba ta ɗago kai ba, amma hannunta na sama.

"Lokaci ya tafi, Fadila."

"Kai ka ce kada a rufe maƙala sai an kai labari inda ya tsaya. Wannan bai tsaya a faɗuwar katanga ba. Mai bulo, bayan ta faɗi me ka yi?"

Ukasha bai ɗauki wannan a matsayin abin faɗa ba.

"Na je na taya su kwashe ɓaraguzai. Na buga masa wasu a madadinsu. Shekaranjiya ya sake zuwa da tifa zai kwasa, na hana. Ya zage ni tas, ya ce zai ɓata mini suna a gari. Na ce ya ɓata. Suna nan a fili, ba mai taɓa su sai sun yi."

"Wannan kuma faɗarsa ce," in ji Malam Sada da sauri. "Ba wanda ya gani."

"Haka ne, Malam," in ji Fadila. "Zan rubuta faɗarsa ce."

Ta sunkuya ta yi ta rubutu, ana jin ƙarar biron. Sannan ta miƙe. Ka'idar aji ce, sai an faɗa da Hausa tukuna. Ba ta kalli ƙofa ba, ba ta kalli kowa ba, bango ta kalla.

"Garinmu yana sauri. Mai gida yana sauri, mai haya yana sauri, kowa yana so a ba shi yau. Katangar Abbare sauri ne ya kayar da ita, kuma mai bulo yana da nasa kason, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, alhali in ya yi ƙarya ba mai kama shi. A ganina, mutumin da aka matsa masa ya ba da kai sau ɗaya, aka sake matsa masa ya ƙi, ya fi wanda ba a taɓa gwada shi ba. Ni dai in zan yi gini, wajen..." Ta ja numfashi. "Wajen Ukasha na Nukkai zan je."

Sa'adatu ta dafe ƙirji. Peter ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Ta maimaita da Turanci, tana tuntuɓe tana tashi. Ukasha bai gane komai ba sai sunansa, shi kuwa ya ji shi sarai.

Malam Sada ya yi gyaran murya. "Akwai kurakurai a Turancin, za mu gyara. Sai ki sa suna a ƙasa."

Ta rubuta.

"Me ta sa?" in ji Baffa Manga. Ya buɗe ido.

"Sunanta, Baffa," in ji Malam Sada. "Fadila Manga."

"Manga. Wato sunana ne a ƙasan wannan magana."

Fadila ta zame ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

"Malam," in ji Baffa, "jiya na ji kamar ka ce abin da mutum bai gani da idonsa ba kada ya sa sunansa a ƙasa. Ko iska ce ta kawo mini ba daidai ba?"

"Haka na ce, Baffa."

"To ni ban gani ba." Ya juyo ga Ukasha, ya daɗe yana kallonsa. "Kai, ka gaya wa iyayenka kada su zo ranar Juma'a."

Ukasha ya ji zauren na juyawa da shi. Daga bayan labule aka ce, "Alhamdu lillahi."

"Kai ma, Malam, ka gaya wa naka."

Allin ya faɗi daga hannun Malam Sada.

"Gobe da hantsi zan zo Nukkai da ƙafata. Kada ka share mini fili, kada ka tara mini mutane. Bulon nan da ka hana nake so in taɓa da hannuna. Abin da na gani shi zan faɗa wa iyayen kowa."

Kafin Ukasha ya sami bakin godiya, aka yi wata tsawa daga gabas, har kwanon rufin zauren ya amsa. Iska mai ƙamshin ruwa ta shigo ta ɗaga takardun ɗalibai.

Baffa ya leƙa sama, ya dawo da ido kansa.

"Waɗanda kuka buga yau, a rufe suke?"

"A'a, Baffa."

"To me kake jira a zaurena?"

Ukasha ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Sai da ya hau keke ya waiwaya, ko zai hangi mayafi ruwan toka a taga.

Ya hange shi. Amma ya hangi wani abu kuma. Goggo Fanta ta fito ta ƙofar baya, ta sunkuya tana faɗa wa Malam Sada magana a kunne, shi kuwa yana kan Vespa, ya riga ya juya kan babur ɗin. Ba hanyar gidansa ya fuskanta ba. Hanyar Abbare ce, unguwar mai katanga, mutumin da ya rantse zai ɓata wa Ukasha suna, kuma yana da tifar da za ta iya kwashe bulon kafin Baffa ya gani.

Ɗigon farko ya sauka a bayan hannun Ukasha. Ya sunkuyar da kai ya taka keken da duk ƙarfinsa, yana roƙon Allah ya riga su isa Nukkai, ruwan da tifar duka.